An kushe rubutuna a bainar jama'a, an kuma sace littafina: in ajiye alƙalami?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, ina zaune a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Auyo ta jihar Jigawa. Sakandare kawai na gama, amma tun ina makaranta nake cika littattafan rubutu da labarai. Da maigidana ya saya mini waya, sai na shiga wani zauren marubuta da masu karatu a WhatsApp, ina sakin shafi guda kowane dare. Littafina na farko ya karɓu. Ina tsakiyar na biyu sai wata babbar marubuciya da muke girmamawa ta rubuta a cikin zauren cewa labarina ya tsaya wuri ɗaya yana ta juyawa, ba na bin ƙa'idar rubutu, kuma ina ba da labarin gidajen masu kuɗin Abuja da Dubai alhali da gani ban san su ba. Wasu suka yi dariya, wasu suka tare mini faɗa har da zagi, ni kuma na fice daga zauren ina kuka. A makon nan ƙanwata ta turo mini littafina na farko ana karanta shi a YouTube, an canja masa suna, babu sunana ko sau ɗaya. Maigida ya ce tunda abin ya koma ɓacin rai, ga kuɗin data da na caji, ga rashin barci, gara in haƙura, ko da yake bai tilasta mini ba. Masu karatu kuwa suna ta turo mini saƙo in ci gaba. Anti, ko dai ba ni da baiwar ne? In daina?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki a tsanake, kuma na ji zafin abin da ya same ki, domin mutumin da ya hana idonsa barci ya rubuta abin da ke zuciyarsa, sannan aka yi masa dariya a gaban ɗaruruwan mutane, ba ƙaramin rauni aka ji masa ba. Kukanki yana kan hanya, kada ki ji kunyarsa. Amsata ga tambayarki ita ce kada ki daina rubutu, amma ki daina sakin shafi kowane dare, domin a ganina wannan tsari shi ne tushen yawancin abin da ya dame ki, tun daga raunin labarin har zuwa damuwar maigidanki. Macen da mutane suke jiran labarinta kullum, suke kuma nemanta idan ta yi shiru, tana da abin da ake fara rubutu da shi. Abin da ya rage miki shi ne aikin gyara, wanda koyonsa ake yi, ba a haifi kowa da shi ba.

Bari mu fara da wannan babbar marubuciya. Ta yi kuskure a hanyar da ta bi, wannan kam babu tantama. Tana da lambarki, tana iya kiranki ko ta rubuto miki ke kaɗai, kuma duk wanda ya girma a cikin tarbiyyarmu ya san nasiha a keɓe ake yin ta, wadda aka yi a gaban taro kuwa ta fi kusa da tozartawa. Amma ina roƙonki ki raba yadda ta faɗi maganar da abin da ta faɗa. Ba ta ce ki bar rubutu ba, ba ta taɓa mutuncinki ba, abubuwa uku ta lissafa, kuma kowannensu abu ne da ake iya dubawa a kan takarda a ga ko gaskiya ne. Wanda yake yi maka hassada ba ya tsayawa ya nuna maka inda ɓarakar take. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ina kyautata zaton cewa sai da ta karanta shafukanki da yawa kafin ta iya faɗin abin da ta faɗa, abin da masu yabo da dama ba sa yi.

Maganar cewa labarin yana juyawa wuri ɗaya, na yarda da ita tun ban karanta littafin ba, saboda na san yadda rubutun kullum dare yake yi wa marubuci. Kina gama aikin gida, yara su yi barci, ki ɗauki waya a gajiye ki buga shafi, ki sake shi nan take ba tare da kin sake karantawa ba, saboda mutane suna jira. Da safe sharhi ya cika zaure: wannan ta ce kada ki kashe mata wance, waccan ta ce a ƙara gasa wa kishiya aya a hannu, wata ta ce ita dai kada labarin ya ƙare. Ke kuma kina son ki faranta wa kowa, sai ki ƙara faɗa ɗaya tsakanin miji da mata, ki ƙara rashin lafiya, ki ƙara wata tafiya, har a wayi gari labarin ya bar hannunki ya koma hannun masu sharhi. Ba mugunta suke yi miki ba, daɗin labarin ne yake ɗibarsu, amma mai karatu daren yau kawai yake gani, marubuci ne aka ɗora wa nauyin ganin littafin daga farkonsa har ƙarshensa. Shafin da aka saki daren da aka rubuta shi kamar tuwon da aka kwashe bai sulala ba ne, za a ci don yunwa, amma mai girkin ta san bai yi ba.

Abin da nake so ki yi shi ne ki koma ga littafin rubutu da biro, kamar yadda kika fara a makaranta. Ki buɗe shafin farko ki rubuta, cikin layi biyar ko shida, wace ce tauraruwar labarin, me take nema a rayuwa, me ya tare mata hanya, kuma a ina labarin zai ƙare. Idan kin kasa rubuta ƙarshen, to kin gano ciwon da kanki. Daga nan ki bi babukan da kika riga kika saki ɗaya bayan ɗaya, ki rubuta a gaban kowanne abin da ya canja a cikinsa, wato wani ya san abin da bai sani ba a da, ko ya rasa wani abu, ko ya yanke shawarar da ba ta da komowa. Duk babin da kika duba ba ki ga abin da ya canja ba, ki cire shi ko ki haɗe shi da na kusa da shi, ko da kuwa a cikinsa ne kika fi samun yabo. Wannan yana da ciwo, na sani. Sannan kada ki ƙara sakin komai sai kin kammala littafin, ko aƙalla kina da babi goma a ajiye a gaban wanda za ki saki, ki kuma mayar da sakin sau biyu a mako. Kafin kowane babi ya fita, ki bar shi ya kwana biyu, ki karanta shi a fili da muryarki, domin kunne yana kama maimaici da maganar da ba ta yi kama da ta mutane ba fiye da yadda ido yake kamawa a fuskar waya.

Batun Abuja da Dubai shi ne ya fi tsaya mini a rai, kuma a nan nake so ki fi saurarata. Na fahimci dalilin da ya sa kika kai labarinki can. Littattafan da suka fi yawo a zaurukan nan cike suke da manyan motoci da gidajen sama da jirgi, har marubuciyar ƙauye ta ɗauka cewa rayuwarta ba ta isa a rubuta ba. To ki duba inda kike zaune. Kina bakin kogin Haɗeja, inda mutum yake kwana da gonar shinkafa ya tashi da tafki, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022 da ta raba dubban mutanen Jigawa da gidajensu. Kin san yadda kacala take toshe hanyar ruwa, kin san yadda ake tura yara gona tun asuba su kori jan-baki, kin san halin da gida yake shiga idan maigida ya tafi ci-rani ya bar mace da uwar miji da buhu guda na hatsi. Kin san adashi da rikicin da ke tashi ranar kwasa, kin san uwar da ta ci bashi don kayan ɗakin 'yarta, kin san yarinyar da aka cire daga aji don talla da wadda ta dage sai ta gama. Kin san yadda tsofaffin garinku suke magana, da habaicinsu da shirunsu. Wadda take zaune a Abuja ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ba za ta same su a intanet ba. Soyayya da kishi da cin amana da kike son rubutawa duk suna nan a cikin gidajen ƙasa, har sun fi zafi, domin a can abin da ake rasawa ba shi da madadi.

Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, ta rubuta rayuwar cikin gidajen Kano da ta sani ciki da bai, kuma littafinta Alhaki Kuykuyo Ne shi ne aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Abin da ya kai shi can shi ne gaskiyar da ke cikinsa. Ba ina cewa haramun ne alƙalaminki ya shiga birni ba. Idan labarin yana bukatar Abuja, ki shiga da idon wadda kika sani, misali yarinyar ƙauye da aka kai aikatau, wadda take ganin gidan daga kicin da bayan gida, tana mamakin abin da ke ma za ki yi mamakinsa. Gargaɗi ɗaya kawai zan yi miki, tunda gari ƙarami ne: kada ki ɗauki sirrin maƙwabciya ko na dangi ki zuba a labari yadda za a gane ta. Ki haɗa halin mutum uku ki fitar da mutum ɗaya, ki canja sunan gari da sana'a, domin rubutu ba ya halatta giba.

Ƙa'idar rubutu ita ce mafi sauƙin gyara cikin ukun. Ki sa allon rubutun Hausa a wayarki, Gboard yana da shi, don ki samu ɓ da ɗ da ƙ, saboda baki daban, baƙi daban. Ki riƙa haɗe abin da ake haɗewa, kamar "yana" da "gidansa", ki raba abin da ake rabawa, kamar "ya ce" da "na ga". Ki daina gutsure kalmomi irin na hirar waya, ki kuma ba kowane mai magana layinsa. Malamin Hausa na sakandaren da ke kusa da ku, ko wata ɗaliba mai karanta Hausa a jami'ar da ke Kafin Hausa, za su iya duba miki babi biyu su ja layi a ƙarƙashin kurakuran da kike maimaitawa, kuma za ki tarar ba su da yawa, su ne dai suke ta dawowa.

Idan zuciyarki ta huce, ina ba ki shawara ki rubuta wa wannan marubuciya ke da ita. Ki gaishe ta da girmamawa, ki gaya mata gaskiya cewa maganarta a gaban mutane ta yi miki ciwo, amma kin duba kin ga akwai abin ɗauka a ciki, sannan ki roƙe ta ta nuna miki babi ɗaya da take ganin ya fi rauni da dalilinta. Idan mai son gyara ce, kin samu malama, kuma mai yiwuwa ita ma ta gane inda ta zarce. Idan ta amsa da izgili ko ta yi shiru, kin sauke naki nauyin, ki ɗauki gyaran ki bar mata halinta. Waɗanda suka tare miki faɗa kuwa, ki gode musu a keɓe don ƙaunarsu, amma ki roƙe su su daina zagi da sunanki, domin gobe ke za a tuna da shi, ba su ba. Komawa zauren ba dole ba ne yanzu. Abin da kika fi bukata shi ne mutum uku ko huɗu masu gaskiya, waɗanda za ki tura wa babi kafin kowa ya gani, ki tambaye su inda suka gaji, inda ba su gane ba, da inda ba su yarda mutum zai yi haka ba. Babban zaure wurin kai littafin da ya gama ne, gyara kuwa a ƙaramar da'ira ake yin sa.

Yanzu ga maganar sata. Abin da aka yi miki zalunci ne, kuma doka tana tare da ke. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, labari yana zama mallakin marubucinsa da zarar ya rubuta shi, ko a takarda ko a waya, ba sai an buga shi a maɗaba'a ko an yi masa rajista ba, kuma sakinsa kyauta a zaure bai ba kowa izinin karanta shi a tasharsa yana samun kuɗi ba. Ki fara da tattara hujja: hotunan shafukan da kika saki masu ɗauke da kwanan wata, littattafan da kika yi rubutun hannu a ciki idan akwai, da shaidar shugabannin zauren. Sannan a rubuta wa mai tashar cikin ladabi, a ba shi zaɓi, ko ya sauke, ko ya mayar da sunan littafin da naki ku kuma yi yarjejeniya a rubuce kan abin da zai biya ki. Wasu daga cikinsu a hannun wani suka tsinci littafin an riga an goge sunan mai shi, kuma sukan gyara idan an yi musu magana. Idan ya ƙi, YouTube yana da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, yana sauke abin da aka tabbatar, kuma tashar da ta tara irin wannan gargaɗi uku tana iya rufuwa. Sai dai ki sani cewa ana nuna wa wanda aka kai ƙara sunan mai ƙorafin, don haka idan da sunan alƙalami kike rubutu kuma ba kya son a san ki, ki wakilta wani amintacce ya shigar a madadinki. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa tana karɓar irin wannan koke, haka kuma ƙungiyar marubuta ta Najeriya, ANA, wadda aka kafa tun 1981, tana da rassa a jihohi da za ki iya neman shawararsu. Ba zan ɓoye miki ba, abin da ya shiga WhatsApp ba a iya hana shi yawo gaba ɗaya. Abin da za ki iya shi ne ki sa sunanki da na littafin a farko da tsakiya da ƙarshen kowane babi, ki kuma riƙa tura wa kanki cikakken rubutun ta imel kafin ki saki, don ya zama shaida, ya kuma tsira idan waya ta lalace ko ta ɓata.

Maigidanki kuwa, ban ga abokin gaba a cikin maganarsa ba. Shi ya saya miki wayar, bai hana ki ba lokacin da abin yake faranta miki rai, sai da ya ga matarsa tana kuka, ba ta barci, kuɗi kuma suna fita, sannan ya yi magana, kuma ko a nan ya bar miki zaɓi. Wannan mutum ne da ya cancanci a zauna da shi a yi masa bayani, ba a yi masa shiru a ci gaba a ɓoye ba. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki gode masa, ki gaya masa cewa kin ji damuwarsa kuma ga abin da za ki canja: rubutu zai koma takarda da rana, a lokacin da yara suke makaranta ko Islamiyya, waya ba za ta ƙara raba ki da barci ba, data kuma sai ranar saki, wanda zai rage kuɗin data da na caji sosai. Ki karanta masa babi ɗaya idan yana so. Namiji yakan fi samun natsuwa da abin da ya ji da kunnensa fiye da abin da yake gani ana yi a waya cikin dare bai san mene ne ba, kuma idan wata rana wani a majalisa ya ce matarsa tana rubuta littattafan soyayya, zai amsa da sani. Ba mamaki ma ya zama shi ne zai gaya miki yadda ake cinikin shinkafa a kasuwa ko abin da maza suke faɗa a bakin gona, wuraren da ƙafarki ba ta zuwa. Idan bayan wannan ya ce yana so ki ɗan dakata da sakin, ki dakata ba tare da jayayya ba, domin dama abin da nake ba ki shawara ke nan, kuma rubutun da ke cikin littafinki a ɗaki babu wanda ya hana shi ci gaba.

Akwai kuma wata hanya da nake so ki gwada a wannan tsakani, wato gajeren labari. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata a 2016 domin mata marubuta, kuma irin wannan gasa tana tilasta wa mutum ya faɗi labari cikakke cikin 'yan shafuka, inda babu wurin juyawa ko ƙarin faɗan da ba shi da dalili. Ko ba ki shiga ba, ki ɗauki abu ɗaya da ya faru a garinku lokacin ambaliya, ki rubuta shi cikin shafi huɗu ko biyar, ki gyara shi sau uku. Abin da za ki koya a nan zai bayyana a dogon littafinki. Maganar mayar da littafi na kuɗi, wanda na san za a yi ta zuga ki a kansa, ki jinkirta ta har sai kina da kammalallen littafi a hannu, domin karɓar kuɗin mutane a kan labarin da ba a gama ba bashi ne, kuma zai dawo da ke cikin matsin da muke ƙoƙarin fitar da ke.

Su kuma masu karatun da suke nemanki, suna da haƙƙin a yi musu bayani, tunda sun fara tafiya da ke. Ki rubuta musu saƙo ɗaya gajere, ba tare da ambaton rikicin ko sunan kowa ba, ki ce kina gode musu, kin dakata ne don ki kammala littafin ki gyara shi, kuma zai dawo idan ya gama, sau biyu a mako. Kada ki sa ranar da ba ki da tabbacin cikawa. Wasu za su yi ƙorafi, wasu za su koma wani labarin, wannan ba komai ba ne, waɗanda suka damu da rubutunki za su jira. Idan kin gama tsara babukan kamar yadda na faɗa, ki sake rubuto mini ki gaya mini nawa suka rage da kuma yadda zamanku da maigida ya kasance. Allah ya sanya albarka a alƙalaminki, ya kuma zaunar da gidanki lafiya.